Shanu Bakwai na Baffa Jalo

Wayyo Bilki! Kwana tara ke nan tana kwana a rumfar awaki, duk rugar da ke bayan Araba ba mai amsa mata sallama. Marainiya ce, a hannun baffanta Jalo ta tashi, ita ke ba shanunsa ruwa. Ranar da maza suka tafi kasuwar Illela, shanu bakwai suka sha ruwan da aka jiƙa takin zamani a ciki, suka kumbura suka mutu. Da yamma sai ga Abdu ɗan Baffa, wai daga Ƙonni yake, ya ce cikin sanyin murya, "Bilki ta, nan take wanke buhun taki. Na sha hana ta."

Aka yarda, don Abdu akwai daɗin baki. Bilki kaɗai ta san shi. Tun suna yara yakan karya ƙafar ɗan tsako ya zauna yana kallo, ranar da mahaifiyarsa ta rasu kuwa sai da ya duba fuskokin mutane kafin ya ɓata tasa. Laifinta ɗaya, ta ce za ta gaya wa Baffa yana sayar da maruƙa a ɓoye.

"Ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba... Ka saka min, kar Ka jinkirta!" Haka take faɗi, hawaye na zuba.

Rana ta goma Arɗo, shugaban rugar, ya tara dattawa don a kore ta daga rugar. Baffa Jalo ya fara kiran shanun da suka mutu, kowace da sunanta da na uwarta, yadda makiyayi ke yi. Da ya zo kan Wule, wadda ya gada wurin mahaifinsa, sai tsoho ya fashe da kuka. Kowa ya sunkuyar da kai. Abdu kuwa dariya ya yi.

"Baba, kukan mi? Wule ko wahala ba ta sha ba, shuri ukku ta yi ta kwanta. 'Yar'uwarta Ɓale ta daɗe tana birgima."

Arɗo ya ɗago kai, ya dube shi.

"Kai da kake Ƙonni?" in ji Arɗo.

Abdu ko gezau. "To ai shanu na, a samu wasu."

A nan Baffa ya karya sandar kiwon Abdu, aka ɗaure shi sai wurin 'yan sanda. Tsoho ya jawo maraƙar Wule, ya sa igiyarta a hannun Bilki.

"Ɗiyata, ki yahe muna."

Bilki ta share hawaye, ta bi bayan Abdu da kallo.

"Kai na yahe ma, Baffa. Shi ko, sai mun haɗu gaban Allah."