Saƙon da Ban Rubuta Ba

"Ke suka turo?"

Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da laluben cikin jakata duk da ban san abin da nake nema ba.

"Ni suka turo, Malam Alkasum. A ba ni makullin ɗakin serber."

Ya tsaya a bakin ƙofa da makullin a hannu. Wata goma rabon da in sa shi a idona. Ya ɗan rame, amma muryar tana nan yadda na san ta.

"Falmata..."

"Aiki na zo yi. Kwana uku ne, in Allah ya so."

Ya miƙo makullin, na karɓa ba tare da yatsunmu sun haɗu ba.

Ni 'yar unguwar Birni ce, a nan Damagaram. Babana Malam Mamman baduku ne, da sana'ar fata ya kai ni har Yamai na karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta. Da na dawo na yi istaj, wato zaman koyon aiki, a wannan biro, ofishin ƙungiyar manoman gyaɗa da gero, mai aiki da ƙauyukan Tirmini da Gouna da Zermu. Alkasum ne shugaban biron. A nan muka saba, har ya ce aure yake so.

Mahaifiyarsa, Hajiya Kaltuma, ba ta so ba tun farko. Ta ce yarinyar da ke hawa mota ita kaɗai zuwa Yamai, tana wuni cikin maza da wayoyi, ba za ta zauna a ɗaki ba. Ita ta fi son Lubna, 'yar ƙanwarta, wadda ke zaune a teburin karɓar baƙi na biron. Alkasum ya dage, aka sa ranar da manyansa za su zo neman aurena.

Ranar, Baba ya tara 'yan'uwansa a zaure tun bayan azahar.

Aka yi la'asar, aka yi magariba.

Babu wanda ya zo, babu aike.

Ina kallo ta labule Baba ya naɗe tabarmi da hannunsa. Bayan kwana biyu Alkasum ya kira ni sau uku, ban ɗauka ba, na toshe lambarsa. Baba ya ce kada ya ƙara jin sunansa a gidan.

Shi ya sa da patron ɗina, Malam Tahiru, mai kamfanin da nake wa aiki yanzu, ya ce ni zan zo wannan aiki, na roƙe shi ya tura wani. Ya ce, "Ke kaɗai kika san cikin injin nan, Falmata. Kuma maganar mutane dubu uku ce."

Gaskiyarsa ce. Serber shi ne injin da duk imel na biron ke kwana a cikinsa, da kalandarsu da takardun da suke aiki a kai tare. Nasu ya tsufa. Yana ɓoye bayani da wani tsohon salo da aka daɗe da gano lagonsa, har abokan aikinsu na waje suka daina karɓar saƙonsu. Sunayen manoma, lambobin wayarsu, hotunan katinsu na ɗan ƙasa, duk suna yawo kusan a buɗe.

Na wuni ina rufe tsofaffin hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora sabuwar takardar shaida, wadda ke tabbatar wa kowace waya da ordinatar cewa serber na gaskiya take magana da shi. Na saita shi ya ƙi kowace haɗuwa da ba a ɓoye ba.

Da la'asar Alkasum ya kawo mini ruwan sanyi ya ajiye a gefe.

"Me kika samu?"

"Kamar kuna aika wasiƙa babu ambulan ne. Duk wanda ta bi ta hannunsa zai karanta."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai wanda aka aika wa."

Ya juya ya fita.

Ba zan ɓoye ba, kalmar sirrin mai kula da serber tana buɗe akwatin kowa. Sunan Alkasum na nan a jere, na huɗu daga sama. Na daɗe ina kallonsa. Da na danna, wataƙila in san dalilin da ya sa aka kunyata Babana. Sai na ce wa kaina, an kira ni in rufe asirin mutane, ni kuma in zama ta farko da za ta buɗe? Na sauke shafin na tafi gida.

Washegari na ci karo da wata ɓaraka da ta fi ta jiya. Serber ɗin yana karɓar saƙo daga kowace ordinatar da ke cikin rezo ɗin biron, wato wayoyin da suka haɗa injunansu, ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya duba ko sunan mai aikawa nasa ne. Na ce a tara mini ma'aikata kafin in toshe, don su gani da idonsu.

Su bakwai suka zauna a ɗakin taro. Lubna tana can ƙarshe, tana wasa da zobenta.

Na rubuta layi ɗaya na aika.

"Malam Mahamud, duba wayarka."

Mahamud, mai kula da ma'ajiyar iri, ya duba ya yi dariya. "Shugaba ya ce in tafi hutun wata shida."

"Ni ban rubuta ba," in ji Alkasum.

"Ni na rubuta, da sunanka, daga nan inda nake zaune. Kowa a biron nan zai iya yin haka. Tun da aka kafa injin haka yake."

Kowa ya yi dariya, ban da mutum biyu. Lubna ta daina juya zoben. Alkasum kuwa ya zuba mini ido, fuskarsa ta canza.

"Da sunan kowa?" ya tambaya a hankali.

"Duk wanda ke da adireshi a nan."

"Har da... wanda ya yi istaj ya tafi?"

"In ba a rufe adireshinsa ba, har da shi."

Ya sallami taron. Bai jima ba ya same ni a ɗakin serber da ordinatarsa a hannu, ya ajiye a gabana.

"Karanta wannan, don Allah."

Sunana ne a sama. Kwanan watan kuwa jajiberin ranar da Baba ya tara mutane.

Saƙon ya ce na samu wanda ya fi dacewa da ni a Yamai. Ya ce na riga na sanar da Baba, kada su zo, kada su aiko kowa, kada ya neme ni.

Na karanta sau biyu.

"Ban rubuta wannan ba."

"Falma..."

"Wallahi yau na fara ganinsa. Baba ya zauna jiranku har magariba, Alkasum. Shi da ƙannensa huɗu."

Ya dafa bango ya zauna a kan kwalin da ke gefe.

"Ya zauna jira?"

"Har magariba."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa. Na tambaye shi ko ya yarda in buɗe bayanan da ke bayan saƙon. Kowane imel yana ɗauke da tarihin hanyar da ya biyo, mutane ne dai ba sa dubawa. Ya gyaɗa kai.

Bai fito daga Yamai ba, bai fito daga wayata ba. Ya fito daga ordinatar mai lamba goma sha biyu a cikin biron, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Ni na raba lambobin nan lokacin istaj. Na san teburin, na karɓar baƙi ne, inda Lubna ke zama.

Shi ma ya sani, don ya ga inda idona ya nufa.

Ya miƙe da sauri, na ce, "Zauna. Wannan ya nuna tebur ne, bai nuna hannu ba. Ka kira ta a tambaye ta, ba a gaban mutane ba."

Lubna ta shigo ta tsaya. Ta kalli allon, ta kalle ni. Ba ta yi musu ba.

"Wani mai gyara ne ya nuna mini yadda ake yi, da wasa," ta ce. "Yaya, tun ina ƙarama Inna Kaltuma take ce mini kai ne mijina. Ni ban san wani ba. Sai ga ta ta zo wata shida kawai..."

"Hajiya ta sani?" in ji Alkasum.

"Ba ta sani ba. Na zaci in ta tafi za ka dube ni. Wata goma, ko sau ɗaya ba ka dube ni ba."

Ta fashe da kuka.

Na yi tsammanin zan tsane ta. Abin da na ji kawai gajiya ce, da wani tausayi da ban so ba.

"Lubna," na ce, "ni ba zan kai maganarki ko'ina ba. Amma akwai dattijo a Birni da har yau yake ganin an raina shi don shi baduku ne. Ke za ki gaya wa Hajiya da bakinki."

Ta gyaɗa kai ta fita.

Na juya na ƙarasa aikina, don ba na son ya ga idona. Na tilasta kalmar sirri kafin kowane aike. Na sa serber ya riƙa buga hatimin ƙungiyar a kan duk saƙon da ya fita, yadda za a gane na jabu. Na rufe adireshin duk waɗanda suka bar aiki, har da nawa.

Yana tsaye a bayana duk tsawon lokacin.

"Na yarda da saƙo mai layi huɗu, ban zo na tambaye ki ba," ya ce. "Gidanku da nan ko minti goma ba a yi a babur."

"Ni ma ka kira ban ɗauka ba."

"Ki yafe mini, masoyiyata."

Na juyo na dube shi.

"Ni mai sauƙi ce. Ka je ka ji da Baba."

Baba bai yi sauƙi ba. Alkasum ya zo sau biyu, aka ce masa ba ya nan, alhali ana jin bugun gudumarsa daga zaure. Da na yi masa bayani ya ce, "Ni ban san imel ba, Falmata. Na san mutum yana da ƙafa yana da baki."

Ranar Juma'a ta uku, bayan an sauko daga masallaci, sai ga Hajiya Kaltuma da kanta, Lubna na biye da ita kai a ƙasa. Hajiya ta ƙi hawa kujera, ta zauna a tabarma a gaban Baba.

"Malam, ba ɗana na zo roƙa wa ba tukuna. Laifina na kawo. Da aka karanta mini saƙon nan daɗi na ji, shi ya sa ban ce a zo a bincika ba. Yarinyar nan da na ce ba ta da kamun kai, ita ce ta rufa wa 'yata asiri."

Baba ya dubi Hajiya, ya dubi Lubna. Sannan ya ɗaga murya kaɗan.

"Falmata, zo nan."

Na fito na durƙusa.

"Har yanzu kina son sa?"

Kunyar Hajiya ta kama ni. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanena.

"To, na ji," in ji Baba. "Hajiya, ku zo ranar Lahadi. Amma aikinta ba za ta bari ba, da gumina na saya mata shi."

"Ba za ta bari ba," in ji Hajiya.

Lubna ta nemi a mayar da ita reshen ƙungiyar na Mirriya, aka mayar da ita. Ranar bikina ta aiko da turaren wuta, ita ba ta zo ba. Na karɓa.

An ɗaura aure bayan an gama girbin gero. Da safiyar farko a gidanmu na Sabon Gari na fito na tarar da shi a tsakar gida yana fama da gawayi, wai shayi zai dafa mini, hayaƙi ya cika masa ido.

"Kawo, ba ka iya ba."

"Bari dai in koya, Falmatata. Zauna."

Na ja kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da shi. Shayin ya yi ɗaci, na shanye, na miƙa masa kofin ya ƙara mini.