Digirin Waya

Ina miƙewa daga teburin na ji duk cokula sun tsaya.

"Ina zuwa kuma, Jucilene?" Dona Zuleide ta tambaya, idonta na kan kifin da take cire wa ƙaya.

Ranar Lahadi ce, ranar da ita da danginta suka hayo kogi zuwa gidanmu don a tsayar da ranar aurena da ɗanta Edvaldo. Tun asuba Mama take kan wuta, ta gasa kifi, ta soya garin rogo, ta tace ruwan 'ya'yan itacen asai har hannunta ya rine. Ana tsaka da ci wayata ta motsa a aljihu. Sabis ya dawo. Kwana shida ruwan sama ya ɗauke shi daga ƙauyenmu, jarrabawata ta ilimin magunguna da ake yi ta waya kuma ƙarfe uku za a rufe ta. Saura minti hamsin.

Na yi mata bayani cikin ladabi, na ce in na rasa wannan sai na maimaita zango guda.

Ta goge bakinta, ta dubi Mama.

"Dona Iraci, ni dai a sanina waya gaisuwa ake yi da ita. Yanzu an ce har digiri take haifa. Ba aji, ba allo, ba malami... wa zai miƙa wa irin wannan nas hannunsa?"

Ƙannenta suka yi dariya. Mama ta sunkuyar da kai. Na dubi Edvaldo ina jiran ko kalma ɗaya, shi kuwa ya ƙura wa farantinsa ido.

Na fita.

A ƙarshen gadar katakon da jiragen ruwa ke tsayawa ne kawai sabis yake kamawa sosai. Can na zauna cikin rigata ta baƙi, rana na dukana, ina danna amsoshi hawaye na hana ni ganin rubutu. Na ci takwas cikin goma. Ina juyowa na ga baƙinmu suna shiga jirgi, ba a tsayar da rana ba.

Shekara shida ina mataimakiya a ɗan asibitin ƙauyenmu. Nas mai rajista sau biyu take zuwa a wata daga garin Breves, sauran kwanakin ni ce da akwatin auduga. Na sha tsayawa kan mace mai naƙuda ina sanin akwai abin da ya kamata a yi, amma ban iya ba, ba ni da izini kuma. Barin Mama ita kaɗai in tafi jami'a ba zai yiwu ba, shi ya sa na yi rajistar karatu daga nesa. Darasi a waya, gwajin aiki sau ɗaya a wata a cibiyar makarantar da ke Breves.

Jirgin Edvaldo ne yake kai ni. A nan muka saba. Yakan ajiye mini kujerar da ta fi nisa da ƙarar inji, ya riƙe littafina yana yi mini tambayoyi, yana karya sunayen ƙasusuwa da gangan don in yi dariya. "Nas ɗita" yake ce mini tun ban kai rabin karatun ba. Shi kaɗai ne bai taɓa raina abin da nake yi ba, sai ranar nan da ya yi shiru.

Washegari ya zo ya ba ni haƙuri, ya ce mamarsa tsoro take ji kar in gama in tsere birni in bar shi. Na rantse masa ba inda za ni. Na nuna masa takardar da na cike ta neman wurin horon ƙarshe na wata takwas, asibitin Breves na rubuta, tafiyar awa biyu daga gida.

Takardar na miƙa wa Marlúcia, sakatariyar cibiyar. 'Yar aminiyar Dona Zuleide ce, kowa ya san ita ce Dona Zuleide ta so wa Edvaldo tun suna yara. Ta karɓa da murmushi har tana ce mini "ƙawata".

Da sunaye suka fito, babban birnin Belém aka tura ni. Tafiyar awa goma sha biyu a ruwa.

Na ruga wurin Edvaldo don ya taya ni tunanin mafita, na same shi yana wanke jirgi, fuskarsa a ɗaure. Ashe Marlúcia ta riga ni. Ta nuna masa takarda a kwamfutarta mai sunana, an rubuta Belém a gurbin zaɓi.

"Da idona na gani, Jucilene."

"Ba ni na rubuta ba. Edvaldo, ka dube ni..."

"Mama ta faɗa mini, na ƙi ji. Da kin ce mini birni kike so, da na san inda na tsaya."

Na ce to ya zan yi, an ce ba a canja wuri sai baɗi. Ya ce in da gaske nake in jira baɗin. Na tuna shekara huɗu a kan gadar katako, da matan da zan ci gaba da tsayawa a kansu hannu sake. Na ce ba zan iya ba.

Ya juya ya ci gaba da wankinsa.

Jirgin wani na shiga ranar tafiya.

A Belém ɗaki na kama a bayan gidan wata tsohuwa, gado ɗaya, taga ɗaya mai kallon bango. 'Yan uwana masu horo duk a aji ɗaya suka yi karatu, sun san juna, suna da barkwancinsu. Da suka ji inda na fito suka laƙaba mini "nas ɗin waya". Lokacin cin abinci nakan zauna a matakalar baya da robar shinkafa da wake, in ci ina kallon motoci. Ranar hutu in je bakin tasha in zauna ina duban jiragen da ke zuwa daga wajenmu, in karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in koma ɗaki.

Sau uku na rubuta masa saƙo. Yana buɗewa, ba ya amsawa.

A wata na huɗu Mama ta faɗa mini a waya, bayan ta yi ta kewaye-kewaye, cewa an ga Marlúcia a gidan Dona Zuleide tana taya ta girki. Na ce Allah ya sanya alheri. Na kashe wayar na shiga banɗakin ma'aikata na yi kukana, na wanke fuska na koma na sa wa wani tsoho ƙarin ruwa. Jijiyarsa ta gagari mutum uku, ni a karo ɗaya na samu. Babbar nas ta dube ni ta ce daga gobe ɗakin haihuwa zan koma, kusa da ita. Ba ni da wanda zan ba labari.

Bikin yaye mu ma a waya aka yi. Na sa farar riga na zauna a bakin gado, aka kira sunana, na tafa wa kaina.

Asibitin suka ce in tsaya su ɗauke ni aiki. Na gode musu, na karɓi katin rajistata na kama hanyar gida. Mama kaɗai ce a kan gada.

Sati uku da dawowata, da hantsi, ina auna wata mai ciki sai aka turo ƙofa. Edvaldo ne, ya naɗe hannunsa da riga, jini na ɗiga. Fankar inji ce ta yanke shi a tafin hannu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Na nuna masa kujera. Na wanke ciwon, na yi masa allurar kashe zafi, na fara ɗinki. Na yi ɗauri huɗu.

Sai ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tun wata uku da suka wuce ya san gaskiya. Marlúcia ce ta faɗa da bakinta ranar da ya ce mata ba zai iya aurenta ba, cikin fushi ta ce banza ta yi wahalar canja takardar. Ya ce sau biyu ya sayi tikitin Belém, sau biyu yana tsayawa a tasha har jirgin ya tashi.

"Da wane ido zan dube ki, Juci?"

"Wata uku," na ce. "Ka san yadda wata uku yake a ɗakin da ba mai sallama?"

"Ban sani ba. Ki faɗa mini, ko shekara za ki yi kina faɗa, zan zauna in ji."

Na ƙarasa ɗauri na bakwai na naɗe masa bandeji. Na ce kar ya bari ruwa ya taɓa, ya dawo bayan kwana goma a cire zaren.

Washegari ya dawo, wai bandejin ya yi datti. Washegarinsa ma ya dawo, wai yana jin ƙaiƙayi. Yakan zauna a bencin waje cikin masu goyo har in sallami kowa, sannan ya raka ni gida yana tafiya taku biyu a bayana. A rana ta biyar na fara ba shi labarin ɗakin. A ta takwas na yi kuka a gabansa, bai ce in yi shiru ba.

Ranar cire zare ba shi kaɗai ya zo ba. Dona Zuleide ta shigo a bayansa da rigarta ta zuwa coci, ta karɓi hannun ɗanta ta daɗe tana duba ɗinkin. Sannan ta zauna ta naɗe hannun rigarta, ta ce kwana biyu kanta na sara, in auna mata jini.

Na auna. Ya ɗan hau. Na ce ta rage gishiri da busasshen kifi.

"To 'yata," ta ce, tana kallon bango. "In za ki riƙa sa mini ido, ai gara a ce gida ɗaya muke. Ki gaya wa Dona Iraci muna tafe ranar Asabar a tsayar da rana."

Ta fita ta bar mu.

Edvaldo ya miƙo mini hannunsa, na ɗauki almakashi.

"Zai yi zafi, masoyiya?"

"Kaɗan," na ce. "Ka daure."

Da na cire zaren ƙarshe bai janye hannun ba, ni ma ban sake shi ba, har wata mai goyo ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Nas, mu fa muna nan."