Hannun da Ke Rawa a Kan Burodi

"Wannan yarinyar ba za ta shigo gidan nan ba!" in ji Mama Zorka, hannayenta cikin aljihun riga kamar kullum.

"Haba Mama! Me Senka ta yi miki?" in ji ɗanta Nenad, mai neman auren yarinyar.

"Ubanta ne matsalar, Nenad. Wata guda yana rera waƙa a titi ba barci, wata guda yana kwance yana kuka. Ciwon nan jini yake bi. Jikokina kake so ka jefa ciki?"

Nenad ya fita idonsa jajir. Ya bi ta gaban ɗakin binciken da Senka ke aiki a birnin Novi Sad, ya tsaya yana kallon tagarta, bai shiga ba. Wayyo, kewa! Ita ma tana can da farar riga, tana auna wa ɓeraye sabon magani, tana kiran sunansa a zuci. Tsohon maganin ya kwantar wa babanta da hankali, amma ya bar masa rawar hannu har ya daina gyaran agogo. Wanda ba ya sa rawar hannu take nema.

"Mu yi aurenmu a kotu kawai," Nenad ya ce mata a waya.

"Kai dai! In raba ka da uwarka? Zan jira."

"Har yaushe?"

"Ɓerayena ma sun fi ka haƙuri."

Ta yi dariya, tana kashe wayar ta fashe da kuka.

Ranar bikin waliyyin gidan, bikin da kowane iyali a ƙasarsu ke yi wa waliyyinsu shekara-shekara, ranar da ba a korar baƙo, Senka ta zo ta tsaya bakin ƙofa, dole aka shigo da ita. Aka ɗauko babban burodi, wanda 'yan gida kaɗai ke juyawa a tafin hannu ana addu'a. Dole Mama Zorka ta fito da hannayenta. Sai ga su suna karkarwa, burodin ya karkace zai faɗi! Senka ta yi wuf ta sa tafinta ƙarƙashin na tsohuwar. Ta san wannan rawar sarai, irin ta babanta ce. Ta rufa mata asiri, suka juya burodin tare.

A kicin tsohuwar ta ja ta gefe.

"Kin gane ko?"

"Na gane, Mama."

"Tun kafin in haifi Nenad nake shan irin maganin babanki a ɓoye. Tsoro nake ji, jinina da naku su haɗu. Me ya hana ki tona ni?"

"Ciwo ba abin kunya ba ne. Don irinku nake wuni da ɓeraye."

Hawaye ya zubo wa Mama Zorka. Ta gutsiro burodin, hannu na rawa a fili, ta sa mata a baki.

"Ci, 'yata. Nenad! Je ka ɗauko surukina, baban Senka, a ba shi kujerar gaba!"

'Yan'uwa, wanda ya riƙe hannun mai ƙinsa lokacin da yake rawa, da wannan hannun za a sa masa albarka.