Shirun da Ke Tsakiyar Busar Baba

"Ko ya sa hannu a takardar nan, ko ki cire shi daga ranki. Zaɓi ɗaya, Auta."

Baba ko kallona bai yi ba, yana ta goge sarewarsa da tsumma. Shekara arba'in da biyu yana busa ta, kuma duk gidanmu an san ita ce 'yar fari, mu ƙannenta ne kawai.

Ni na jawo wa kaina. Ni na kai shi jami'armu da aka fara wani bincike kan yadda mabusa da makaɗa ke sana'arsu. Tawagar kamar an tsinto ta a kasuwa: Malama mai nazarin waƙa, wani dattijo masanin tarihi da ba ya gajiya da tambaya, sai Injiniya, mai ɗaura wa mutum bel a ƙirji yana auna numfashinsa. Wata takwas ke nan ni da Injiniya muna son juna, har Baba ya ce ya turo manyansa.

Rigimar duk a kan wani ɗan shiru ne. Akwai dogon sautin da Baba ya yi suna da shi, da numfashi ɗaya yake kai shi ƙarshe. Kwanan nan sai ya fara tsayawa a tsakiya. Malama ta ji, murna ta kusa kashe ta, ta rubuta shafi talatin wai sabon salo ne na gwanin da ya ƙoshi da sana'a. Sau uku Baba ya sa na karanta masa.

Shi kuwa Injiniya ya gwada awon watan farko da na yanzu, ya ga iskar Baba ta ragu sosai. Ya ƙi sa hannu a rahoton Malama, ya zo har gida ya faɗa wa Baba a keɓe. Da tsawa aka raka shi ƙofa.

"Baba, ba zagin ka ya yi ba. Cewa ya yi ka ga likita."

"Cewa ya yi na ƙare. Yaron da ko fito bai iya ba."

"Amma Baba..."

"Na gama magana."

Na figi mayafina na fita. A ɗakin awo na jami'a na sami Injiniya, ya tasa kwamfuta gaba, ga rahoton a gefe, biro a kai. Idanunsa sun yi ja.

"Zan sa hannun," ya ce a hankali. "Ba zan iya rasa ki ba, farin cikina."

"Me ka ce?"

"Layi ɗaya ne. Daga baya sai mu lallaɓa shi..."

"Wane bayan? In ka sa, wallahi ni da kaina zan fasa auren. Me zan yi da mijin da ya ga ciwo a ƙirjin ubana ya kira shi salo?"

"To in ya hana ni ke fa?"

"Ya hana ka yana raye, ya fi min."

Na faɗa ne kawai, amma ina son mutumin nan son da ban san ina da shi ba. Na ɗauke biron na jefa a jakata, na bar shi a zaune.

Da na koma gida, na tarar da Baba inda na bar shi, a kan tabarma. Na durƙusa gabansa, amma kaina ban sunkuyar ba.

"Ba zai sa hannu ba. Ni na hana shi."

"Ke?"

"Ni. Baba, busa min dogon sautin nan da numfashi ɗaya. In ka kai ƙarshe, na haƙura da shi har abada, ba za ka sake jin zancensa a bakina ba."

Ya ɗago ya kalle ni. Taurin kan nan dai a wurinsa na gada, ya kuma sani. Ya gyara zama, ya ja iska, ya kai sarewa baki.

Sautin ya tashi garau, irin wanda na girma ina ji. Har ga Allah addu'a nake ya kai ƙarshe, ko da hakan zai raba ni da masoyina. Ya iso tsakiya, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya matsa, sai sautin ya tsinke. Tari ya sarƙe shi.

"Tsaya... ban shirya ba."

Ya sake. Wannan karon ko tsakiyar bai kai ba.

Ya ajiye sarewar a cinyarsa, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

"Tun bara nake jin iskata na raguwa," ya ce. "Da matar nan ta ce salo ne, sai na ji daɗi, Auta. Na so a ce gaskiya ta faɗa."

Na riƙe hannunsa ina kuka. "Mu je asibiti, Baba. Bari in kira shi ya kawo mota."

Ya goge fuska da hannun riga, ya miƙo min tafinsa.

"Ba ni wayar. Ni na kore shi, ni zan kira surukina."