Injin Dama Ya Mutu

Tana guga tana leƙen wayar da ta jingina a jikin kofi, shi kuma sai zarya yake yi tsakanin kujera da taga, ya kasa zama. Jibi ne intabiyu ɗinsa a kamfanin jiragen sama. Lasisi yana da shi, ya kuma daɗe yana tuƙa ƙananan jiragen koyarwa, amma bara da aka tsare shi da tambayoyi sai kansa ya ɗauke wuta, ya dawo gida ba aiki. Shi ya sa matarsa ta zama mai jarraba shi, ita da ba ta taɓa zuwa filin jirgi ba sai rakiya.

"Kyaftin, don Allah tsaya waje ɗaya, kana sa ni jiri! Kana gudu a kan titin jirgi, ka wuce V1—"

"Wato lokacin taka birki ya wuce, dole a tashi."

"Sai injinka na dama ya mutu. Me za ka yi?"

Ƙarar faɗuwar faranti suka ji. Umma ce, mahaifiyarsa, tsaye a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, me na ji kin ce?"

"Umma, tambayoyin intabiyu ne—"

"Rufe min baki! Jiya kin ce masa wuta ta kama, shekaranjiya taya ta fashe, yau kuma inji ya mutu! Wace irin mata ce ba ta da abin yi wa mijinta sai mugun fata? In na sake jin wannan bakin a gidan nan, ki tattara ki tafi gidanku!"

Ta juya ta fita. Kyaftin ya bi ta yana "Umma, Umma," aka rufe masa ƙofa a fuska.

Matar ta kashe dutsen guga, hawaye na ɗiga a kan farar rigar da take gogewa. Wunin ranar ta yi shi ba tambaya ko ɗaya, tana kallon mijinta yana buɗe littafi yana rufewa, ya fara amsa shi kaɗai ya sarƙe a tsakiya. In ta yi shiru zai sake faɗuwa, in ta buɗe baki aurenta ne a kan layi. Ta share falo, ta sake sharewa, ta wanke kofunan da ba a sha komai a ciki ba.

Washegari da hantsi ta je ɗakin Umma ta durƙusa.

"Umma, ki yafe min. Ba zan ƙara ba sai kin yarda. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kullum tambayar kike ji ki bar wurin, ba ki taɓa tsayawa kin ji amsar ba. Ki ji sau ɗaya tak."

Umma ta daɗe tana jujjuya carbinta, sannan ta ce, "Kira shi."

Ya zo ya zauna a ƙasa. Matar ta maimaita tambayar jiya. Ya kalli mahaifiyarsa, ya ja numfashi.

"Ba zan taka birki ba. Jirgin zai ja dama, sai in danna fedar hagu da ƙafa in miƙar da shi. In ɗaga hancinsa, in naɗe tayoyi, in ci gaba da hawa da inji ɗaya, don an ƙera shi ya iya hakan. Sai na yi sama sosai sannan mu bi matakan kashe injin da ya lalace, in sanar da hasumiyar filin jirgi, in kewayo in sauka."

Can Umma ta ce, ƙasa-ƙasa, "To in duka biyun ne fa, Auta?"

Sai a lokacin matar ta gane. Wannan tambayar ce ke cin tsohuwar tun ranar da ɗanta ya fara hawa sama, ba ta taɓa iya furta ta ba.

"Ba ya faɗowa kamar dutse, Umma. Lulawa yake yi a kan fukafukansa, yana sauka a hankali. Muna da lokacin gwada tayar da injin, da na neman fili mafi kusa."

Umma ta goge ido da gefen mayafi. "Shi ne ba wanda ya taɓa gaya min? Ke kuma kin zuba min ido! Ci gaba mana, yaro na da jarrabawa gobe!"

Da sakamako ya fito, Umma ya fara kira a waya. Ta katse shi tun bai gama sallama ba.

"Ba ni za ka fara gaya wa ba." Ta miƙa wa surukarta wayar. "Karɓi, 'yata."

"Sun ɗauke ni!" ya ce. Sai ta fashe da kuka, Umma na bubbuga mata baya tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka."

'Yan'uwa, da ta ɗaga murya a ranar da aka zarge ta, da ta rasa miji, shi ya rasa aiki. Sau da yawa faɗan iyaye tsoro ne da suka kasa faɗa, kuma mai haƙuri da ladabi ce kaɗai ke samun damar jin sa.