Ɗinkin Bahago

Ranar da Ɗanbaba ya fara ganin Lantana, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Ta faɗo rumfarsa ta ɗinki da ke bakin teku a unguwar Água de Meninos, ta sauke kwandon ƙosai, ta leƙa hanya hagu da dama, sannan ta ɗaga ganyen ayaban da ke ƙasan kwandon. Siraran fararen saƙa ne a naɗe.

Ta ce babanta, Malam Idirisu na unguwar Barroquinha, ya aiko ta, kuma aikin Ɗanbaba shi ne ya haɗa saƙar ta zama riga. Shi kuwa gogan naku ya tsaya riƙe da allura yana kallonta, har ya soke yatsa bai sani ba. Ta yi dariya ta ce, "Mai allura, in haka kake ɗinki, rigar nan ja za ta fito."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Ga yadda maganar rigar take. Hausawan birnin Salvador, waɗanda bauta ta kai ƙetaren teku, suna da babbar riga guda ɗaya da kowane ango yake sawa ranar aurensa. A shekarar tawayen bayi, shekara ashirin da uku da suka wuce, rigar ta tafi tare da mutanen da sojoji suka kashe a wannan bakin tekun. Tun daga nan bakin mutane ya mutu. Ba a taruwa, ba a tambaya, kowa ya ga abu sai ya haɗiye. Da Malam Idirisu ya ce a yi sabuwar riga a shekarar 1858, sai aka yi ta irin ta masu tsoro: masaƙi a gidansa, Haruna marini yana rina zare a nasa, tsoho Usman yana aikin wuya da aljihu, babu mai ganin wani. Kwandon Lantana ne kawai yake haɗa su.

A ƙasan kwandon ne kuma soyayya ta samu wurin ɓuya. Rubutun ajami kan kai mutum kurkuku a lokacin, don haka duk takardar Ɗanbaba da Lantana ta karanta sai ta jefa ta a wutar suya. Ta farko ta ce:

"Lanti, tun da kika shigo rumfata na daina gane fari da baƙin zare. Ki taimaka ki dawo da idona."

Ta mayar masa: "Mai allura, idonka yana nan lafiya a wurina. Ka gama riga ka zo ka karɓa."

Da maganar ta isa gaban Malam Idirisu, sai ya murtuke fuska. Yaron yana da ladabi, yana da sana'a, amma ɗan wa ne? A gonar rake ya tashi, uwarsa Talatu ta rasu yana ƙarami, ba ta taɓa faɗa masa sunan ubansa ba. Ana kiransa Ɗanbaba, amma babu mai iya nuna baban. Lantana ta yi kuka, ta ƙi cin abinci kwana biyu, har tsohon ya gaji ya ce a bari a gama riga tukuna, sannan ya duba. Bai ce e ba, amma Ɗanbaba ya riƙe wannan magana da hannu biyu.

Matsalar ita ce tsoho Usman. Idonsa ya yi rauni, aikin yini ɗaya sai ya kai shi mako. A haka, sai Lantana ta yi furfura riga ba ta ƙare ba.

Wata Talata Usman ya buɗe rigar a ƙofar ɗakinsa, rana tsaka, unguwa tsit. Sai ya ga aikin wuya ya wuce inda ya tsaya jiya da kusan tsawon yatsa. Ya kai fuskarsa kusa. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, amma duk sun karkata hagu, kuma kowane na bakwai an ninka shi sau biyu. Yadin yana da ɗan danshi, yana warin ruwan gishiri.

Mutum ɗaya Usman ya taɓa sani mai irin wannan hannun: Mahmudu bahago, wanda ya yi aikin tsohuwar riga, wanda kuma ya faɗa teku da harsashi a ƙirji ranar tawaye, ba a ga gawarsa ba.

Kuna tsammani ya faɗa wa wani? Ina! Ya naɗe riga, ya yi ta'awizi, ya ja bakinsa ya yi gum. Bayan kwana uku ɗinkin ya ƙaru. Malam Idirisu ma ya gani lokacin da kwandon ya kwana a gidansa, kuma Mahmudu amininsa ne, tare aka sauke su daga jirgin bayi ɗaya. Amma shi ma bai ce uffan ba. Kowane tsoho ya ɗauka shi kaɗai matacce yake yi wa magana. Usman ya daina taɓa rigar sam, duk da haka aiki bai tsaya ba.

Haruna marini ne ya lura tsofaffin sun firgita. Dama ya daɗe yana son Lantana, yana kuma jin shi ne ɗan asali. Ya tare ta a gangaren Barroquinha, hannayensa shuɗi har gwiwa, ya ce ta yi tunani: rigar ba ta canzawa sai ta biya ta bakin teku. Wanda ba a san ubansa ba, wa ya san da su wa yake hulɗa? Wa ya san abin da yake kira daga ruwa?

Maganar ta shige ta, don ita ma takan ji kwandon ya yi mata nauyi in ta taso daga can. Ta daina tsayawa hira da Ɗanbaba. Takan ajiye kwandon a rumfarsa ta tafi talla, ta dawo ta ɗauka ba ta dubi idonsa ba. Takardarsa ta zo:

"Hasken idona, me na yi? In laifi ne ki faɗa mini sunansa. Shirunki ya fi duka zafi."

Ta karanta sau uku, ta ƙona, ba ta amsa ba. Ranar kuwa ƙosanta duk ya ƙone, don kuka take yi a kan kasko.

Ranar Alhamis Malam Idirisu ya yanke hukunci shi kaɗai. Gobe bayan la'asar za a ɗaure rigar da dutse a mayar wa teku, tunda mai ita yana nema. Lantana ta san ma'anar haka: babu riga, babu maganar aure.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ku gafarce ni. Wata huɗu ina ɗauke da rigar nan a kaina, kuma ni kaɗai na ga fuskar duk masu aikinta. Kowa yana tsoron wani abu, babu wanda ya faɗa. Kafin ku jefa ta, ku tara su sau ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani."

Ya ce taro haɗari ne. Ta ce ai ba a hana mutane cin ƙosai ba.

Haka aka yi. Ranar Juma'a suka zauna a bayan gidan Malam, kasko yana ƙara don masu wucewa, rigar tana shimfiɗe a tsakiya, kowa ya janye ƙafarsa daga gare ta. Lantana ta ce ita za ta fara. Ta faɗi abin da Haruna ya gaya mata, ta kuma faɗi cewa ta yi zargi, tana kallon Ɗanbaba tana hawaye. Haruna ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ga komai da idonsa ba. Sai Usman ya ambaci Mahmudu, sunan da ba a ambata ba shekara ashirin da uku. Malam Idirisu ya juyo da sauri ya ce, "Kai ma ka gani?"

Ɗanbaba ya miƙe, kunya ta rufe shi. Ya ce shi ne. In Lantana ta bar kwandon ta tafi talla, sai ya ƙara ɗinki kaɗan don aiki ya yi sauri. Bai faɗa ba don kada Baba Usman ya ji an raina idonsa. Danshin kuwa, rumfarsa iskar teku take sha. Ya ɗauki allura da hannun hagu, wanda yake ɓoyewa a gaban manya, ya yi ɗinki bakwai. Na bakwai ya ninka shi.

Malam Idirisu ya tambaye shi wa ya koya masa wannan.

"Babu kowa, Malam. Wannan ne malamina."

Ya ciro wani tsohon ƙyalle daga wuyansa, guntun wuyan riga mai ramin ƙuna a gefe. Ya ce uwarsa ta tsince shi a bakin ruwa, shi kaɗai ta bar masa, kuma tun yana yaro yake kallonsa yana kwaikwayo.

Malam Idirisu ya karɓa. Ya dubi ƙyallen, ya dubi goshin yaron, ya tuna cewa Mahmudu ya bar mace da goyo, sunanta Talatu, an sayar da ita zuwa gonaki bayan tawaye. Kuka ya ƙwace masa. "Ɗan Mahmudu ne. Wata huɗu ɗan aminina yana aiki a hannuna, ni kuma ina shirin jefa aikinsa a teku."

Usman ya share ido ya ce wa Ɗanbaba ai da ya tambaye shi, da ya ba shi allurar da kansa. Daga ranar suka riƙa zama tare duk Juma'a, Usman yana nuna zane, Ɗanbaba yana ɗinki, Haruna yana kawo zare ba ya haɗa ido da kowa. Cikin mako uku riga ta ƙare.

Takarda ta ƙarshe Lantana ce ta rubuta: "Mai allura, ka yafe mini shiruna. Na yi alkawari, ko faɗa ne zan yi da baki." Wannan ba a ƙona ta ba.

Ranar ɗaurin aure Malam Idirisu da kansa ya ɗauko rigar zai sa wa ango. Yana juya wuyanta sai ya tsaya. Daga ciki, inda babu mai gani, akwai ɗan ƙulli uku a jere da shuɗin zare, irin alamar da Mahmudu yake sawa in ya gama aiki. Babu ita a jikin tsohon ƙyallen. Wurin yana da danshi.

A wannan karon bai haɗiye ba. Ya ɗaga rigar ya tambaya a gaban kowa, wa ya yi wannan? Ɗanbaba ya ce ba shi ba ne. Usman ya ce ba shi ba ne. Aka zagaya kowa, babu mai ita.

Sai Malam Idirisu ya sa wa ango rigar, ya gyara masa kafaɗa. "To, waliyyin ango ya iso. A yi fatiha."

Aka shafa. Lantana tana cikin ɗaki tsigar jikinta na tashi, tana kuma murmushi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan waɗanda teku ya riƙe.