Muryar da Ke Cikin Kiɗan Jira

"Baiwar Allah, ki yafe wa bawan Allahn nan mana..."

Na janye kan wayar daga kunnena na kalle shi. Wata tsohuwa ce da ban sani ba, sabulu ta kira za ta saya. Ita ce ta biyar a watan nan.

Ni ke amsa waya a kamfanin Yayana. Duk wanda na ajiye a layin jira ya ɗan daɗe, sai ya dawo da murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya. Wani ya tambaye ni, "Har yanzu bai samu amsa ba?" Wani numfashi kawai ya yi ta saukewa.

Na mayar da kan wayar kunnena.

"Mama, wane ne?"

"Wanda ke magana a cikin kiɗan naku."

Idona ya sauka kan ƙaramin baƙin akwatin da ke manne a bango, jar fitilarsa tana ƙiftawa. Injiniyan da ke nemana da aure ne ya jona shi da na'urar layukan ofis wata biyu da suka wuce, don masu jira su riƙa jin kiɗa. Ana gobe zai yi aikin Yaya ya ce masa ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai yawo da tsani. Bai ce uffan ba, kuma shirun nan ne ya ƙona min rai.

Da ya gama aikin ya tsaya a gaban teburina.

"'Yar rigimata, daga cikin ofis ba a jin kiɗan. Ki kira daga waje ki gwada. Ki saurara har ƙarshe..."

"Ba ni da lokacin matsorata," na ce.

Caraf sakatariyar Yaya ta ce ita za ta gwada. Ta fita da wayarta, ta dawo tana murmushi, wai komai lafiya ƙalau. Na daɗe da sanin idonta na kansa, amma zuciya ta ɗebe ni. Har lambarsa na toshe.

Yanzu kam na fita baranda, rana tsaka, na kira ofis da wayata. Sakatariya ta ɗauka.

"Sa ni a layin jira."

"Me... me za ki ji a ciki?"

"Ki sa ni, na ce."

Kiɗa ya fara a hankali. Minti ɗaya. Biyu. Sai ya ɗauke, na ji an gyara murya.

"Hasken idona... na yi shiru ne don yayanki ne, ba don tsoro ba. An ba ni aiki nesa. Zan jira kiranki har ƙarshen wata. In kin ce zauna, na zauna."

Nan take na buɗe lambarsa na kira.

Ƙanwarsa ce ta ɗauka.

"Anti... sai yau? Ko abinci zai ci, wayar nan na hannunsa. Ranar ɗaya ga wata ya shiga mota. Ba su kai ba."

Ashe duk mutanen nan muryar mamaci suke ji, ni kaɗai ce ban ji ba.

Ban yi kuka ba. Na sake kiran ofis. Sakatariya ta sa ni a layin, ina jin shessheƙarta.

Ta gilashin taga na hango ta shiga wurin Yaya. Jim kaɗan ya fito fuska a ɗaure, ya nufi akwatin.

Muryar ta dawo.

"Hasken idona..."

Na buga gilashin da tafin hannuna. "Yaya, don Allah ka bar min shi!"

Bai ji ni ba. Ya kama igiyar akwatin.

"In kin ce zauna, na..."

Ɗif.

Na ƙara matse wayar a kunnena.

"Zauna," na ce.